A fiƙe lafiyayyen haƙori don a cike giɓi?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wurin likitocinmu da duk wanda aka taɓa yi wa irin wannan aiki. An cire mini babban turmin farko na ƙasa, ɓangaren hagu, saboda ruɓewa ta ci shi har saiwa. Wurin ya warke. Likita ya ce in ina so a cike giɓin, gada ce ta fi sauri: a rage haƙoran da ke gefe da gefe, a sa wa kowanne hula, a haɗe su da na ƙirƙira a tsakiya, a liƙe ukun gaba ɗaya da siminti. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na gaban lafiyarsa lau, ko ciko babu a jikinsa. Na bayan ne mai babban ciko tun da daɗewa. Ya za a ɗora inji a kan haƙorin da bai yi laifin komai ba? Ko in bar giɓina, tunda ba a ganinsa in na yi dariya?

Dattijon Zaure:
Wa alaikumus salam. 'Yata, bar shi. Giɓina biyu, duk a baya, kuma har yau babu abin da ya gagare ni taunawa. Wanda Allah ya bar miki lafiya kada ki kai shi a taɓa.

Baban Yara:
Baba, a gafarce ni, ba kowane baki ne irin naka ba. Ni gada ce a bakina, ta haura shekara goma, har mantawa nake yi da ita. Kafin a sa mini da gefe ɗaya nake tauna, sai da muƙamuƙina ya fara ƙara in na buɗe baki. Hajiya, aikin ba wani abin tsoro ba ne. Za a yi miki allurar kashe zafi, a rage haƙoran, a ɗauki zubin bakinki, a sa miki ta wucin gadi. Bayan kamar mako biyu ki koma a liƙa ta gaske. Shi ke nan.

Ƙanwar Kowa:
Anti don Allah kada ki yarda. Gada tsohon yayi ce. Dashe ake yi yanzu, a kafa ƙarfe a ƙashi a ɗaura haƙori a kai, ba ruwan maƙwabta. Shi aka yi mini.

Likitar Haƙora:
Wa alaikumus salam. Zancen ya rabu gida uku, kowa kuma bakinsa yake dubawa yana ba da fatawa. Bari in fara da Baba.

Baba, akwai giɓin da mu ma muke cewa a bari. A 1981 wani likitan haƙori ɗan ƙasar Holan mai suna Kayser ya nuna cewa wanda yake da haƙoran gaba da ƙananan turame, goma sama goma ƙasa suna haɗuwa, yana iya tauna yadda ya kamata ko da manyan turamen baya sun tafi. A 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki haƙora 20 masu aiki, daga cikin 32, a matsayin abin da ake fatan mutum ya tsufa da su. Saboda haka in na ƙarshen layi ne ya fita, sau da yawa ba ma takura wa mutum.

Na Maman Biyu kuwa a tsakiyar layi yake. Haƙori ba a kafe yake ƙam a cikin ƙashi ba, wasu siraran zaruruwa ne suke riƙe da saiwarsa, shi ya sa yake iya matsawa a hankali. Maƙwabtansa da abokin cizonsa su ne suke tsayar da shi. In aka cire ɗaya, na bayansa yakan kwanto gaba cikin giɓin, na sama kuma ya zubo ƙasa tunda babu mai tokare shi. Sai tsakanin haƙora ya buɗe, abinci ya riƙa maƙalewa inda da ba ya maƙalewa. Ba a kowane baki yake tsananta ba, akwai waɗanda sukan yi shekaru bai motsa sosai ba. Wanda ya zaɓi ya bari, ya riƙa zuwa ana dubawa.

Ƙashin wurin ma ba ya jira. Da zarar saiwa ta fita yake fara janyewa, faɗinsa na iya raguwa da kusan rabi a shekarar farko, mafi yawan raguwar kuma a wata ukun farko take faruwa.

Yanzu ga ainihin tambayarki, Hajiya, kuma tsoronki yana kan hanya. Farin ɓawon da ke lulluɓe da haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, amma ba ya sake tsirowa. Inda ya fi kauri bai wuce milimita 2 da rabi ba. Don hula ta zauna, ana cire tsakanin milimita 1 zuwa 2 ta kowane gefe, gwargwadon irin hular. Kin ga kusan duk ɓawon ya tafi ke nan, haƙorin kuma ya zama mai buƙatar hula har iya rayuwarsa. Wani lokaci jijiyar ciki takan fusata da zafin inji da kusancin da aka yi mata, ta mutu daga baya, sai an huda hular an wanke saiwa, wato a cire matacciyar jijiyar a cike gurbinta.

Na bayanki mai babban ciko ba na jin tausayinsa, hula ma taimakonsa za ta yi, don haƙorin da ciko ya fi naman jikinsa yawa yana iya darewa ranar da ba a zata ba. Na gaban shi ne asarar. Da duka biyun masu manyan ciko ne, da na ce ki yi gada ki huta.

Baban Yara:
Likita, kin ba mutane tsoro fa. Wanda ya karanta wannan sai ya ɗauka duk mai gada yana kan hanyar rasa haƙora ne. Ga ni nan lafiya lau.

Likitar Haƙora:
Malam, ban kushe ta ba, ina yin ta kuma zan ci gaba. In aka duba binciken da aka tattara a kan gadoji irin taka, kusan 9 cikin 10 suna kai shekara 10 suna aiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da nake so a sani shi ne yadda take faɗuwa in ta tashi faɗuwa. Ba ita take lalacewa ba galibi, ɗaya daga cikin haƙoran da ke ɗauke da ita ne yake ruɓewa a ƙarƙashin hula, mai ita bai sani ba, don ba ya gani. In aka rasa shi, giɓin haƙori ɗaya ya zama na biyu, sabuwar gada kuma sai ta fi tsawo. Tsawo kuwa yana da hisabi: in giɓin ya ninka biyu, lanƙwasar gadar a lokacin tauna takan ninka 8, in ya ninka uku ta ninka 27. Shi ya sa doguwar gada take yawan sakin siminti ko tangaran ɗinta ya fashe.

Ɗan Bincike:
Ƙanwarmu ta ce gada tsohon yayi ce, kuma tana da gaskiya fiye da yadda take zato. Mutanen Itiruriya, da suka zauna a tsakiyar Italiya kafin Rumawa su yi ƙarfi, suna ɗaure haƙorin maye gurbi da zoben zinariya a jikin maƙwabtansa sama da shekara 2,500 da suka wuce, ana ganin irinsu a gidajen tarihi. Hular tangaran kuma wani likita ne a birnin Detroit na Amurka, Charles Land, ya yi mata rajista a 1889. Kyakkyawa ce amma saurin fashewa gare ta, sai a 1962 aka yi rajistar dabarar gasa tangaran a kan ƙarfe, ya zama ciki ƙarfi waje kyau. Dashen ma ba jiya aka fara ba. Branemark, wani likita mai bincike ɗan ƙasar Suwidin, a 1952 ya lura cewa ƙarfen titaniyam da ya sa a ƙashin ƙafar zomo don wani bincike daban ya manne ya ƙi fita. A 1965 ya dasa wa mutum na farko, kuma mutumin ya rayu da dashensa sama da shekara 40.

Ƙanwar Kowa:
To ai ka ƙara ƙarfafa ni, Yaya. Shekara 40!

Likitar Haƙora:
Ƙanwata, a irin bakin Maman Biyu ni ma dashe zan fara dubawa, a bar na gaban yadda yake, na bayan a yi masa hularsa shi kaɗai in yana buƙata. Sai dai ba na son yadda ake tallarsa kamar ba shi da sharaɗi. Tiyata ce. Sai ƙashin ya isa, in bai isa ba sai an ƙara. Bayan an kafa ana jiran wata 3 zuwa 6 galibi kafin ƙarfe da ƙashi su haɗe a ɗora haƙori. Mai shan taba da mai ciwon sukarin da bai daidaita ba sun fi fuskantar gazawarsa. Wanda yake shan wasu magungunan ƙarfafa ƙashi dole ya faɗa wa likita tun farko. Kuma shi ƙarfen ba ya ruɓewa, amma dasashi da ƙashin da ke kewaye da shi suna kamuwa da ciwo in ba a tsaftacewa, ciwon kuma ya fi na haƙorin asali wuyar magani. Akwai mutumin da gada ta fi masa alheri nesa ba kusa ba.

Maman Biyu:
Na gode Likita. Ba ni da sukari, ba na shan taba. Ke nan in koma a ɗauki hoton ƙashin a gani ko ya isa?

Likitar Haƙora:
Ƙwarai. Ki tambaye shi kuma ko na sama ya fara zubowa, don in ya zubo da yawa, ko gada ko dashe babu wanda zai samu wurin zama sai an gyara shi. Kada ki ja lokaci, saboda maganar ƙashin nan.

Uwar Gida:
Ku ba ni aron zauren kaɗan. An sa mini hula a turmin sama bayan an wanke saiwa. Tun daga lokacin dasashin wurin yake jini in na goge, in na sa zaren sakace sai ya tsinke ko ya fito a yage, ga wani wari da nake ji a jikin zaren. Na koma wurin wanda ya yi aikin ya ce in ƙara haƙuri zai saba. Wata nawa ke nan bai saba ba. Ni kam na yi nadamar hular nan.

Mai Haɗa Haƙora:
Hajiya, ni ba likita ba ne, ni ne wanda likita yake aiko wa zubi in ƙera hular, saboda haka bari in faɗi abin da nake gani a kan teburina. Zaren da yake yagewa yana gaya miki akwai tudu ko rata a bakin hular, inda ta haɗu da haƙori. Ko dai bakin ya yi tsini ya fito waje, ko bai rufe ba, ko kuma ragowar siminti ce ta bushe a ƙarƙashin dasashi ba a kankare ba. Duka ukun matattarar datti ne, dasashi kuma ba ya sabawa da datti.

Duk ƙarkon hula a wannan siririn layin yake. Mutane launi suke kallo, mu baki muke kallo. In zubin da aka aiko mini jini ko yawu ya rufe layin, ba na ganin inda haƙorin ya ƙare, sai dai in mayar a sake. Wanda ya yi ƙoƙarin cankar layin da ka, irin hularki yake fitarwa. Hula kamar murfin tukunya ce, in bai zauna daidai ba, komai kyansa abin da ke ciki ba ya tsira.

Likitar Haƙora:
Malam ya gama magana. Uwar Gida, ki je a ɗauki hoto, wurinsa ko wurin wani. In siminti ne, kankarewa kawai za a yi. In bakin a buɗe yake, sake hular ne maganin, ba haƙuri ba. Ki kuma yi sauri, don haƙorinki an cire masa jijiya, ko yana ruɓewa ba zai yi miki zugi ya faɗakar da ke ba. Amma kada ki yi nadamar hular kanta. Turmin da aka wanke wa saiwa an rarake cikinsa, in aka bar shi da ciko kawai yana yawan tsagewa, tsagar kuma in ta gangara saiwa sai cirewa.

Baban Yara:
Malam Mai Haɗa Haƙora, tunda ka shigo: tawa akwai wani baƙin layi da ya fito a gindinta kusa da dasashi. Ruɓewa ce?

Mai Haɗa Haƙora:
Ba lallai ba. In ta ƙarfe ce mai rufin tangaran, ƙarfen ciki ne ya leƙo saboda dasashi ya ɗan janye da shekaru. Muni ne kawai. Amma ido ba ya rabe wannan da ruɓewa, a bari likita ya taɓa da ƙarfensa ya gani.

Wannan layin ne ya sa mutane suka koma wa zirkoniya, wani nau'in tangaran, fara ce ciki da waje, ga ƙarfi. Yanzu har akwai inda ake ɗaukar hoton haƙori da na'ura, kwamfuta ta zana, inji ya sassaƙa hular a rana ɗaya, dabarar da aka fara gwadawa a kan majiyyaci a Jami'ar Zurich a 1985. Duk da haka, in ra'ayina ake tambaya, a turmin can ƙurya inda ba mai gani babu kamar hular ƙarfe zalla, musamman ta zinariya. Ita ce ake cire mata ɓawo mafi ƙanƙanta, ba ta fashewa, ba ta cinye haƙorin da take cizo da shi. Tangaran in ba a goge shi ya yi santsi ba, a hankali yake cin abokin cizonsa. Sai dai yau kowa fari yake so ko da a inda harshe kaɗai ke zuwa. Mai ƙyan jiki da ƙarfen nikel, irin wanda agogo ko ɗan kunne ke sa wa ƙaiƙayi, ya faɗa kafin a zaɓi ƙarfe.

Wani abu da ake mantawa: hula ba ta yin fari da maganin ƙara hasken haƙora. Mai niyyar haskaka haƙoransa ya fara yin haka, sannan a zaɓi launin hula, in ba haka ba ta fita daban a cikin 'yan'uwanta.

Kawun Yara:
Likita, ɗan yayata ne, shekararsa 14, ya faɗi a keke haƙorin gaba na sama ya fita, ba a samu haƙorin ba. Yaron ya daina dariya a cikin mutane. Na karanta bayaninki, to shi wanne za a yi masa? Dashe?

Likitar Haƙora:
Allah ya ba shi lafiya. Dashe a'a, ba yanzu ba. Muƙamuƙinsa yana kan girma, dashe kuma ba ya tafiya tare da ƙashi yadda haƙorin asali yake yi, sai sauran su sauko su bar shi a sama ya zama gajere. Ana jira sai girma ya tsaya, wajen shekara 18 ko fiye, maza ma sukan fi jinkiri. Gada irin ta Baban Yara ita ma ba na so, don jijiyar haƙorin yaro babba ce, tana kusa da waje.

Akwai gada mai fiffike. Haƙorin ƙirƙira ne da ɗan siririn fiffike da ake mannawa a bayan maƙwabcinsa, ta ɓangaren harshe, ba tare da an fiƙe shi ba ko kuma a ɗan goge kaɗan. Wani likita Bafaranshe, Rochette, ya fara kawo dabarar a 1973, aka inganta ta a Jami'ar Maryland a farkon shekarun 1980. A haƙoran gaba tana yin kyau ƙwarai, kuma abin mamaki mai fiffike ɗaya takan fi mai biyu zama, don haƙora biyu ba sa motsi iri ɗaya, sai ɗayan fiffiken ya saki a ɓoye datti ya shiga. In ta cire, maƙwabcin yana nan lafiya, a sake mannawa. Ku kai shi da wuri kafin na gefe su matso su cinye wurin.

Maman Biyu:
Ni ba za a yi mini mai fiffiken ba?

Likitar Haƙora:
Ana yi a baya wani lokaci, amma babban turmi shi ne yake ɗaukar nauyin tauna mafi yawa, giɓinsa kuma ya fi faɗi, ta fi saurin saki a wurin. Ki tambayi likitanki, shi ya ga cizonki. In kina cikin masu tauna haƙora a barci, ki gaya masa, don wannan yana canza lissafin duka, har da buƙatar robar da ake kwana da ita a baki.

Ga duk mai gada a zauren nan: buroshi ba ya shiga ƙarƙashin haƙorin tsakiya, zare kuma ba ya sauka ta sama tunda ukun a haɗe suke. Akwai zare mai taurin kai da ake zurawa ta gefe, da ɗan ƙaramin buroshin tsakanin haƙora. Kullum sau ɗaya, a zura a share ƙarƙashin da gindin hulunan biyu. A goge da man da ke da fuloraid safe da dare, a tofar, kada a kuskure da ruwa nan take. A bar tauna ƙanƙara da buɗe murfin kwalba da haƙori.

Sabon Shiga:
Salam. Tawa hular ta faɗo ɗazu ina cin abinci, ga ta a hannuna ba ta fashe ba. Wani abokina ya ce in ɗiga mata gam mai kamawa nan take in mayar. Ya halatta?

Mai Haɗa Haƙora:
Kada ka soma! Ranar da aka kawo mini irin wannan, gam ɗin ya cika cikin hular ya bushe, ba ta ƙara zama ba, sai sabuwa.

Likitar Haƙora:
Ban da ɓata hular, yana ƙona dasashi, kuma in ka manna ta a karkace, cire ta na iya tafiya da guntun haƙorin. Ka wanke ta, ka sa a ɗan mazubi mai murfi, kada ka kwana da ita a baki don kada ka haɗiye ko ta sarƙe ka. Leƙa cikinta: in fayau take sai ɓurɓushin siminti, mai yiwuwa a wanke a mayar maka da ita a zama ɗaya. In ka ga guntun haƙori a ciki, ko abu baƙi mai laushi, to ƙarƙashin ne ya ruɓe ko ya karye, sai an duba ko abin da ya rage a saman dasashi ya kai milimita 1 da rabi zuwa 2 da sabuwar hula za ta kama. Ka riƙa goge kututturen a hankali, ka tauna da ɗaya gefen, ka je cikin kwana biyu ko uku. In ka bar shi makonni, maƙwabta za su matso, hular da ta fita lafiya ta ƙi komawa.